Kogin da Bai San Rani Ba

A ƙarshen shekarun 1980 ina karatu a Gainesville, a arewacin jihar Fulorida ta Amurka, kuma duk ɗalibin da zafin watan Yuli ya ishe shi ya san inda ake zuwa: kogin Ichetucknee. Tafiyar kusan awa guda ce a mota, kusa da wani ɗan gari, Fort White.

Ni ɗan Bauci ne. Kogunan da na tashi a kansu da damina suke zuwa, jajaye wur da laka, kafin watan Maris sun koma rairayi, mata na tonon ruwa a tsakiyarsu. Wannan kuwa ba ya jiran hadari. Daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ta kogunan dutsen farar ƙasa, ya yi tafiyar kilomita 10 kacal ya faɗa kogin Santa Fe, shi kuma ya kai shi Suwannee. Sanyinsa digiri 22 ne shekara duka. Wanda ya saba da Wikki ta Yankari, mai digiri 31, idan ya tsoma ƙafa a nan sai ya yi salati.

A lokacin yawancin mutane tif ɗin tayar babbar mota suke haya a bakin hanya, su kwanta a kai ruwa ya tafi da su, kamar masunta a kan gora ranar bikin Argungu. Wasu su ɗaure tif biyar ko shida wuri guda, iyali sukutum na shawagi. Mu kwalekwale muke ɗauka, saboda abokina mutumin Yawuri ne, kuma a ganinsa abin kunya ne babba da gemunsa ya hau roba. Kwalekwalen ma bai tsira ba. Na alminiyom ne, ya ce ba shi da nauyin da zai ji magana. Shi ke zama a baya. Filafilinsa ba ya fita daga ruwa sai ta kama, ɗan murɗa wuyan hannu kawai, hancin jirgi ya kauce wa kututture. Ni a gaba ina ta zabga tuƙi, sai ya ce, "Malam, ajiye filafilin nan, ba kasuwa za mu ba."

Idan na ajiye sai in leƙa. Ƙasan ruwan a fili yake tas: farin yashi, doguwar ciyawa ta kwanta duk gefe guda tana kaɗawa, kifaye masu dogon baki sun tsaya cik, inuwar jirginmu na bi ta kansu. Kififiya jere a kan itacen da ya faɗi, ba sa motsi sai ka zo dab. A sashen sama kogin yana buɗewa cikin fadamar shinkafar daji, daga nan ya shige duhun manyan itatuwa masu saiwoyi tsaye a ruwa. Da sanyi, an ce mana, har ayu kan hauro neman ɗumi. Abokina ya yi ta mamakin yadda dabba mai wannan daraja take yawo ba mai bin ta da mashi.

Jihar Fulorida ta sayi wurin a 1970 daga hannun wani kamfanin haƙar fosfet, ta kwashe tarin gwangwanaye, ta ƙayyade yawan masu shiga. Amma mai gadi bakin ƙofa kawai yake iya tsarewa. Ruwan sama da ya sauka a gonaki da garuruwa can nesa, har wajen Lake City, shi ke nutsewa ya fito a nan, ɗauke da takin zamani. Ga famfunan ban ruwa na zuƙa ta ƙasa. Waɗanda suka je daga baya sun ce gansakuka ta lulluɓe ciyawar a wurare da dama. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da duk wani cunkoso.

A hanyar komawa kullum sai mun tsaya wurin wani dattijo mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a tukunya, abincin mutanen kudancin Amurka. Ya sa gishiri kamar ba da kuɗi ya saya ba, ya dafa ta har ta yi luguf. Mu ci, mu kushe, mu ƙara saye.