Shekara Talatin Yana Dukanci

A shekararta ta farko a sashen Ingilishi, wata ɗaliba ƴar Damagaram ba ta da abokan gaba kamar *since* da *for*. Duk takardar da malami ya maido mata, sai ta tarar jan biro ya kewaye su. Takan rubuta "I live in Niamey since two years", kuskure biyu a jimla guda, kuma ba daga Hausa ta kwaso su ba. Faransanci ne ya ba ta aro, domin a can *depuis* ita kaɗai ke ɗaukar mafarin lokaci da tsawonsa, aikatau kuma ya zauna a lokaci na yanzu. Shekara 13 na lakwal sun saba mata da bi ta wannan ƙofa kafin ta shiga kowane harshe.

Alhali kuwa bambancin yana bakinta tun tana ƙarama. In Bahaushe ya ce "tun bara nake Yamai", turke ya kafa a inda abu ya faro, aikin *since* ke nan. In ya ce "shekara biyu ke nan ina Yamai", tsawon zaman ya auna, wato *for*. Saura *have* ko *has* gaban aikatau, alamar cewa zaren bai tsinke ba har yau. Ranar da ta gane haka, jan biro ya ragu.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya rubuta sakin layi a kan wani nasa. Ta rubuta: "My father has been a leatherworker for thirty years." Malamin ya yaba, har ya karanta wa aji a matsayin misali. Ita kuwa kanta na sunkuye, domin mahaifin nata, baduku a unguwar Birni, ya rasu da daminar da ta wuce.

Hausa tana da kara a nan. "Ya yi shekara talatin yana dukanci" ba ta tilasta wa ɗiya ta faɗi ko uban yana raye. Ingilishi bai bar wannan mafaka ba: *has been* cewa take har gobe yana zaune bakin fata da basilla, wanda ya riga mu gidan gaskiya kuwa *was* ce tasa. Ta san ƙa'idar sarai tun lokacin da take rubutun.

Da aji ya watse, ta ciro fensir ta rubuta *was* ƙanana a saman layin. *Has been* ɗin kuwa ba ta soke ta ba.