Wa Ya Faɗi Wannan Tatsuniya?

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta wata tsohuwa a unguwarmu, a nan Damagaram, jikanta ya ja ni gefe ya ce: "Malam, an ce kun taɓa ɗaukar muryar Kaka. Ko za a taimaka mana da ita mu ajiye?" Na ce masa ai wannan abu ne mai sauƙi, ya zo gobe da la'asar. Ni ke riƙe da kwamfutar ƙungiyarmu ta raya al'adu, kuma na tabbata mun zauna da marigayiyar har sau uku, ta ba mu tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe.

Da dare na kunna na'ura, na buɗe tagar nan da kowa ke bi kafin ya kai ga ajiyarsa, wadda ke jera jakunkuna da fayilolin da ke cikinsu. Ni ƙofar rumbu nake kiranta. Abin da na tarar shi ne REC0031, REC0032, REC0033, haka har ƙasa, cikin wata jaka mai suna Nouveau dossier (3), ita ma tana cikin wata Nouveau dossier. Taga ta gaya mini nauyin kowane fayil da irinsa da wata rana da ban yarda da ita ba, amma ba ta san wa ke magana a ciki ba. Dare uku na yi ina saurare ɗaya bayan ɗaya. Na gane biyu daga cikin zaman da muka yi da ita. Na ukun kuwa har yau ina shakka, domin muryoyin tsofaffi suna kama da juna idan iska ta shiga na'urar ɗauka. Yaron ya karɓi biyun ya yi godiya, ni kuma na zauna da kunyata.

Laifin farko nawa ne, ni da ban ba fayilolin suna ba a ranar da aka ɗauke su. Amma an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shekarun da na yi ina shiga ta wannan ƙofa sun nuna mini wuraren da ya kamata masu ƙera ta su gyara. Ga su nan, ko Allah zai sa wani daga cikin ɗalibanmu da ke koyon wannan sana'a ya ji.

Roƙona na farko shi ne fayil ya riƙa tafiya da asalinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin ajami ya san yadda magabata suka yi. Takardun ba a ɗinke suke ba, saboda haka mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, ko da iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. A ƙarshe kuma sau da yawa yakan rubuta sunansa da na mai littafin, wani lokaci har da ranar da ya kammala. Da irin waɗannan alamu ne masu bincike ke gane asalin dubban rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, tarin da marigayi Boubou Hama ya aza harsashinsa. Fayil kuwa yakan iso hannunka tsirara. Gaskiya ne wasu nau'o'i, kamar hoton JPEG da sautin MP3, suna da gurbin da za a rubuta bayani a cikinsu, kuma a 2013 kamfanin Apple ya ƙara wa tagarsa, Finder, hanyar liƙa wa fayil lamba mai launi da suna. Sai dai abin da aka rubuta a wannan na'ura ba lalle ne ya kai waccan ba, kuma wasu nau'o'in ba su da gurbin ma sam. Ina fatan ranar da zan danna kowane fayil in rubuta wanda ya faɗa, da garin, da ranar, da wanda ya ɗauka, da ko mai maganar ya yarda a watsa, sa'an nan bayanin ya bi fayil ɗin duk inda aka kai shi.

Ranar ma abin lura ce. Idan ka kwafi fayil daga wannan wuri zuwa wancan, ranar da ake nunawa a matsayin ranar haihuwarsa takan koma ranar kwafi. Idan kuma ɗan batirin da ke riƙe agogon tsohuwar na'ura ya mutu, sai ka ga aikin bara yana ɗauke da shekarar da ba a ma kafa ƙungiyar ba. Malamin tarihi ba ya iya dogara da irin wannan shaida.

Na biyu, ƙofar ta san haruffanmu. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan wannan yanki, kuma a 1999 Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin tsarin Unicode tun fitowarsa ta farko a 1991. Amma allon bugun da ke gaban yawancinmu na Faransanci ne, babu su a kansa, don haka kowa ya nemi dabararsa. A rumbun ƙungiyarmu kalma ɗaya tana da fuska uku: ƙasa, da k'asa, da kasa. Idan na nemi ɗaya, ba ni da tabbacin sauran za su fito. Ga kuma takardun da aka buga da tsofaffin haruffan aro, inda aka ɗauki gurbin wani harafin Turawa aka zana ƙ a kansa. Da zarar an buɗe su a na'urar da ba ta da wannan zubi, sai ƙugiyoyin su koma wasu alamu, nema kuma ba ya kama su. Abin da nake so shi ne in iya gaya wa taga cewa waɗannan fuskoki kalma ɗaya ce a wurin nema, sa'an nan a wurin jeri ta bi abacadar da muke koyar da yara, sh da ts kowanne da mazauninsa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, a 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardun Hausa za su ƙaru a ofisoshi da makarantu, kuma takardar da aka ajiye aka kasa samu daidai take da wadda ta ɓata.

Na uku, ta daina ɓoye gaskiya. Kowane suna yana da ɗan wutsiya bayan ɗigo, wanda ke nuna ko takarda ce ko hoto ko shiri mai aiki da kansa. A na'urori da yawa ana ɓoye wannan wutsiya tun daga masana'anta, wai don kada a rikita sabon shiga. Ƙwayar cutar da aka sani da ILOVEYOU, wadda ta ratsa duniya a watan Mayu na 2000, ta wannan kafa ta shiga: ta yi shigar wasiƙa alhali shiri ce. Mu ma nan mun san tamu. Kai ɗan makullin ajiya, wato kile, wurin masu buga takardu, ka dawo ka tarar jakunkunanka sun zama inuwa mai ɗan kibiya a gefe. Na ga malamar da ta share kile ɗinta baki ɗaya tana hawaye, ta ɗauka darussan shekara sun tafi, alhali suna nan an dai ɓoye su ne. Da taga ta ce mata akwai abubuwa masu nauyi kaza a nan da ba a nuna ba, da ba ta yi wannan asara ba.

Na huɗu, ta yi afuwa. Abin da ka share daga cikin na'ura yakan faɗa kwandon shara, ka iya ɗauko shi idan ka yi nadama. Abin da ka share daga kile kuwa, a irin na'urorin da muka fi amfani da su, tafiya yake yi kai tsaye. Wanda ke da intanet dare da rana yana da kwafi a wani wuri mai nisa. Malamin ƙauye kuwa kile ɗin da ke aljihunsa shi ne ɗakin karatunsa duka. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ya kamata da ta dawo a gaya mini abin da ya ƙetare lafiya da abin da ya tsaya rabi, a ci gaba daga nan. Kuma a nuna mini fayilolin da suke abu ɗaya da sunaye daban, domin rabin rumbunmu kwafin kwafi ne da tsoron asara ya haifa.

Ba na cewa ba a taɓa gyara ba. Waɗanda suka fara aiki kafin Windows 95 sun tuna lokacin da suna ba ya wuce haruffa 8 da wutsiya 3. Daga 1995 aka iya kai shi 255. A 2022 tagar Windows 11 ta sami damar buɗe jakunkuna da yawa a fuska ɗaya, abin da masu Linux suka daɗe suna mora. Ashe ana jin kuka, sai dai kukan wanda ya kai shi inda ake ji. Tsarin Linux ma a buɗe yake ga duk mai iya gyara, kuma ban ga abin da zai hana ɗan Maraɗi ko ƴar Tawa su zama masu koya wa tagarsa abacadarmu ba.

Kafin wannan rana ta zo, mun yi wa kanmu doka a ƙungiya. Ba a tashi daga wurin ɗauka sai an ba fayil suna: shekara, wata, rana, gari, sa'an nan mai magana. Mai ɗauka kuma yakan faɗi waɗannan da bakinsa a farkon sautin, domin abin da ke cikin murya ba ya gogewa da kwafi. A kowace jaka akwai ƴar takarda mai bayanin abin da ke ciki, da kwafinta a littafi na hannu. Ina roƙon malamai da sauran ƙungiyoyi su gwada, ba ya cin ko dala.

Fayil na ukun nan yana nan, na sa masa suna da alamar tambaya a zuciyata. Na yi niyyar in kai shi ga ƙanwar marigayiyar ta saurara tun tana da ƙarfin ji, ko ta gane muryar yayarta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.