Daushe

Ƙasar Kano ba ta tsirar da itacen goro, amma da wuya a sami garin da ya fi ta sanin darajarsa. Itacen da ba ya rayuwa sai a kurmi mai ruwa da inuwa, a bakin mutanen ƙasar rani ake yanke masa hukunci. A Fagge na tashi, unguwar da ta faro a matsayin zangon baƙi da ayari a wajen ganuwa, cikin gidan da goro ya ciyar da mu, ya tufatar da mu. Kakana dillalin goro ne, kuma a wurinsa na gane cewa ɗanɗano ma ilimi ne.

Idan ya kwance huhu, ba ya gaggawar kai goro baki. Sai ya juya shi a tafin hannu, ya duba ko sankara ta taɓa shi, sannan ya ɓare shi daf da kunnensa. Sabon goro da taushi yake ɓarewa, ga ruwa, ga bauri mai kama harshe. Daushe kuwa, wanda ya shekara a ajiye, ƙas yake yi. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya miƙo mini ɓarin jan daushe, ya ce, "Tauna a hankali, ɗan nan. Bar shi ya gama magana." Ɗaci ne ya fara zuwa, bauri mai sauƙi ya biyo baya. Da na kurɓi ruwa, sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, ya daɗe bai tafi ba.

Da tauna ɗaya yakan faɗi inda goro ya fito, domin ya gaji sanin ƙasashen da ƙafarsa ba ta taka ba. Goron Gwanja, alal misali, a kurmin Asante yake fita. Sunan ya samo ne daga ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salaga take, a Ghana ta yau. Can fataken Hausa suke kai kanwa da tufafi a kan jakuna, su juyo da goro, tafiyar watanni. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da wannan fatauci ya fara. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya ta juya kudu: manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin a wurare kamar Shagamu, har yau kuma gbanja suke kiransa. Akwai kuma goron Laboji na ƙasar Nufe, wanda kakana ba ya ambata sai da girmamawa, yana cewa na sarakuna ne.

Tsakanin Fagge da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, kuma a can na sake jin wannan ilimi daga bakin da ban zata ba. Wani abokin aikina Kirista, mazaunin unguwar, ya ba ni labarin kwalbar jar giyar inabi ta yankin Bodo a Faransa, wadda ya adana shekara goma kafin ya buɗe ranar auren 'yarsa. Ni addinina ya hana ni ita, shi ma ya sani, saboda haka da kunne na ɗanɗana. Ya ce, "Malam, da na buɗe ta tana sabuwa, bauri ne kawai zai kama mini harshe. Shekaru ne suka kwantar da shi." Ya bayyana mini gonakin inabin da ke kan tsakuwa a gefen kogi, inda ruwa ba ya kwanciya, saiwa ke nutsawa neman danshi. Ya ce tun 1855 aka jera fitattun gonakin yankin hawa biyar, kuma jerin bai sauya ba sai kaɗan. Ina sauraronsa ina jin kalmomin kakana: ƙasa, bauri, jira.

Sai dai goro ƙasa biyu gare shi, inda ya tsira da hannun da ya riƙe shi. Kurmi ke ba da goro, amma Kano ke mai da shi daushe. Wata bayan wata ana kwance huhu, a sauya ganye, a tsince wanda ya kamu, a kare sauran daga bushewar hunturu da zafin bazara. Sakacin mako guda yana iya cinye jarin shekara.

Abin da ke damuna shi ne, Faransawa sun rubuta nasu, namu kuwa a harshen tsofaffi yake. A ɗaurin aure da suna yanzu alawa da cingam sun fara ture goro, matasan 'yan kasuwa kuma ba su son kuɗinsu ya shekara cikin ganye. Shi ya sa nake zuwa kasuwar goro ta Mariri da littafi, ina zama gaban dattawa ina rubuta abin da suke nufi da marsa, da minu, da goriya. Sukan yi mini dariya, su ce takarda ba ta tauna goro. Duk da haka, kafin in tashi sai ɗayansu ya ɓare daushe ya miƙo mini, ya zuba mini ido yana jiran in faɗi ƙasarsa.