Ɗan Jirgin Kuza na Zariya zuwa Jos

Aminina,

Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya sanyin Zazzau? Mu nan Agege sai godiya, zafi da cunkoso dai ka san su, kuma goro ya yi tsada, amma ana ci.

To, ka san mu da layin dogo maƙwabta ne, ƙarar jirgi ba ta ko tashinmu daga barci, kuma tun da sabon jirgin cikin gari ya fara bi ta tasharmu a 2024 hirar dattawan zango ta koma kan reluwe. Ni kuwa sai hankalina ya tafi ga wani ɗan layi na wajenku da ya mutu, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau tsaunuka har Jos da Bukuru a 1914.

Turawa sun shimfiɗa shi ne saboda kuza, don kafin nan a kan 'yan dako da bayan jakuna ake fito da ita, ka ji wahala. Siriri ne ƙwarai, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, to ka ga taragon wannan ba ya hawa wancan, dole a Zariya a sauke buhunan kuza a sake lodi da hannu. Waɗannan leburorin nake yawan tunawa, wallahi, don gumin iyayenmu ne.

Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta riƙa gangarawa Fatakwal kai tsaye, gawayin Inugu kuma yana hawowa, ɗan jirgin ya koma jigilar mutanen karkara da amfanin gona, a hankali a hankali, har aka rufe shi a 1957. Kan jirginsa yana nan a ajiye a gidan tarihi na Jos.

Don Allah in ka je Soba ka zauna da tsofaffi, ka tambaye su inda tashar take da abin da suka ji daga bakin iyayensu, ka rubuto mini. In an yi hutu kuma ka kai yara Jos su gani da idonsu.

Ka gaida Malam da mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
daga Agege