Iya Ruwa Fidda Kai

Yaron da ya tashi a Unguwa Uku yakan san ruwa ta bakin iyaye kafin ya san shi da jikinsa. Ana hana shi zuwa kududdufi, ana tsorata shi da 'yan ruwa da labarin yaran da suka nutse da damina. Da wannan gado wani matashin unguwar ya shiga gasar wasanni uku a jere, wadda ta samu gurbi a Olamfik a birnin Sidni a 2000: iyo kilomita 1.5, tseren keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Keke da gudu ba su dame shi ba, domin ya saba da titin Zariya da asuba, daga Gyaɗi-Gyaɗi har bayan gari, yakan kuma zaga Tarauni a guje. Iyo kuwa a wurin ninkayar otal ya koya, inda ruwa yake garau, bango kuma yana kusa.

Gasar ta kai shi Bahar Maliya a ƙasar Masar, inda babu bangon kamawa. Ana busa usur, gwiwar hannun wani ta doke shi, ruwan gishiri ya cika masa hanci, numfashinsa ya sarƙe. Nan take gargaɗin kakarsa ya faɗo masa. Sai ya juya rigingine har ƙirjinsa ya lafa, sannan ya ci gaba.

Cikin na ƙarshe ya fito, ya hau keke hannunsa na rawa. Bahaushe ya ce iya ruwa fidda kai, bai kuwa ambaci wanda ya zo na ɗaya ba.