Mako goma sha takwas ba su ishe ni ba

Ranar da na gaya ma kawuna, wani tsohon ɗan kasuwa na Maraɗi, cewa zan tafi Akra in zauna jarrabawar CFA, sai ya dube ni ya ce: « Ɗana, ashe yanzu har sefa sai an yi jarrabawa kafin a riƙe ta? » Ban ga laifinsa ba, domin a ƙasarmu duk wanda ya ga waɗannan baƙaƙe uku, kuɗin aljihunsa zai tuna. To jama'a masu karatu, wannan CFA dabam take. Takardar shaida ce ta ƙwarewa a fannin nazarin kuɗi da juya dukiya, wadda wata cibiya da ke birnin Charlottesville na jihar Virginia a Amurka take bayarwa, kuma tun 1963 ake zama jarrabawarta. Hawa uku gare ta, ba a tsallake ɗaya a kama na gaba, kuma da Ingilishi kaɗai ake yin ta. Ko mutum ya haye ukun, ba a ba shi takardar sai ya nuna ya yi aikin fannin na awa 4000 cikin aƙalla wata 36.

Ni ma'aikacin banki ne a Yamai. Abin da ya tura ni ga wannan karatu shi ne, aikinmu ya daina tsayawa ga karɓar ajiya da ba da rance. Yau gwamnatocin yankinmu suna cin bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, akwai kuma kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan tun 1998, saboda haka ana bukatar wanda zai iya duban takarda ya faɗi abin da ta cancanta a saye ta. Na zauna hawa na farko a watan Nuwamba na 2022, sakamako ya fito a Janairu na 2023, na ci. Abin da nake son in ba ku labari shi ne abin da na yi a daren nan.

Kafin 2021, hawa na biyu da na uku sau ɗaya ake zama su a shekara, cikin watan Yuni, don haka ko mutum ya so ko bai so ba, kalanda ce take tsara masa tafiyarsa. Da aka mai da jarrabawar kan kwamfuta a 2021, sai ƙofofi suka yi yawa: na tarar ana zama hawa na farko sau huɗu a shekara, na biyu sau uku, a Mayu da Agusta da Nuwamba, na uku kuma a Fabrairu da Agusta, da sharaɗin a bar wata shida tsakanin zama da zama. Zaɓi ya dawo hannun ɗalibi kenan. Ni kuwa, cikin ɗokin nasara, ban kwana ba sai da na biya kuɗin zaman Mayu, kuɗin da ya haura dala dubu ta Amurka, wato sama da jaka 600 na kuɗinmu, ban da jirgi da masauki. Uwargidana ta ce: « Malam, ba ka bari ka huta ko na wata guda? » Na ce mata da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ga lissafin da na yi. Ita cibiyar tana ba da shawarar a yi karatun awa 300 ga kowane hawa. Tsakanina da jarrabawa akwai kusan mako 18, wato awa 17 a mako: biyu kowane dare, ragowar Asabar da Lahadi. A bisa takarda babu abin da ya fi wannan sauƙi. Amma lissafin ya manta da abubuwan da ɗan makarantar firamare ma ya sani. Daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu lokaci ne na rufe littattafan shekarar da ta wuce, kuma duk wanda ya taɓa aiki a sashen lissafi ya san ba a komawa gida da wuri a waɗannan watanni. Azumi ya kama a ƙarshen Maris na 2023, ya kai har bayan tsakiyar Afrilu. Sa'annan ga zafin Yamai na Afrilu da Mayu, wanda yake wuce digiri 40, inda mutum zai buɗe littafi bayan sallar asham gumi na ɗiga bisa shafi. Awa 17 ta koma 9, wani makon ma 5.

Babban kuskuren kuwa ba na lokaci ba ne kaɗai, na rashin sanin dutsen da zan hau ne. Na ɗauka hawa na biyu ƙanen na farko ne da ya ɗan fi shi tsawo. Ba haka ba ne. A na farko tambayoyi 180 ne, kowace tana tsaye da ƙafarta, amsa uku ka zaɓi ɗaya, minti ɗaya da rabi ka wuce. Wanda ya haddace ma'anoni da ƙa'idojin lissafi yana iya fita. A na biyu tambayoyi 88 ne kawai, amma a ɗaure suke cikin labarai. Za a ba ka shafi guda ko fiye na bayanin wani kamfani, da jadawalin kuɗinsa, da maganar wani ma'aikacinsa wadda wataƙila kuskure ce aka dasa da gangan, sa'annan a yi maka tambaya huɗu a kai, kana da kamar minti 12. In ka fahimci labarin a karkace, huɗun duka sun tafi. Bambancin kamar na yaron shago ne da ya san farashin kowane turmin atamfa, da kuma wanda aka ce ya yi ma shagon duka kuɗi, da bashin da ake binsa, da wanda yake bi, da kayan da ke kan hanya daga Kwatano.

Nan ne kuma wanda ya yi karatunsa da Faransanci yake biyan haraji na biyu. Mun saba da tsarin lissafi na SYSCOHADA, jarrabawar kuwa da ma'aunin IFRS da na Amurka take aiki. Inda muke sa waƙafi cikin lamba su ɗigo suke sawa, kuma abin da suke kira biliyan shi ne miliyar ɗinmu. A gajeruwar tambaya raunin harshe yana ɓuya, amma a labari mai shafi guda sai ya fito fili. Babin haɗa lissafin uwar kamfani da rassanta na ƙasashen waje, da na kuɗin fansho na ma'aikata, na karanta su sau ɗaya a gurguje, na ce zan dawo. Ban dawo ba. Jarrabawar gwaji ɗaya tak na yi, ita ma ban kai ƙarshenta ba. Na je Akra a Mayu, na faɗi.

Da niyyata in sake zama a Nuwamba, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, aikin banki ya zama na kwantar da hankalin masu ajiya. Dole ta sa na ɗaga zuwa Mayu na 2024, kuma wannan dolen ita ta gyara mini tafiya. Na fara a Satumba, awa 12 a mako, yawancinsu bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi kuma kafin yara su tashi. Makonni uku na farko ban taɓa littafin hawa na biyu ba, na koma na farko na sake bin ƙimar kuɗi bisa lokaci da karatun jadawalin kamfani, domin na gane ginin da ya rushe mini daga tushe ya tsage. Na ci moriyar sanyin Disamba da Janairu na gama babuka masu nauyi. Da azumi ya zo a Maris na 2024, bita kaɗai nake yi. Makonni shida na ƙarshe na ba jarrabawar gwaji, da agogo a gabana da ɗan kalkuletana BA II Plus, ɗaya daga cikin iri biyu da aka yarda a shiga da su. Jimla ta wuce awa 400. Na ci.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon jinkiri ne. Ina da aboki da muka ci hawa na farko tare, ya ce zai huta shekara guda. Shekarar ta zama biyu, aka yi masa ƙarin girma, aka haifa masa tagwaye, ga shi kuma littattafan ana sabunta su kowace shekara. Da ya buɗe su daga baya sai ya tarar ko maɓallan kalkuleta ya manta. A ganina hutun da ya wuce wata biyu ba tare da an sa ranar komawa ba, ya fara zama sallama. Ni bayan hawa na biyu wata guda na huta, na kama na uku a Agusta don zaman Fabrairu na 2025, inda ake rubuta amsa da hannun kai cikin Ingilishi, ba zaɓi kaɗai ba. Allah ya ba ni sa'a.

A Janairu na 2025, ina tsakiyar bita, wani yaro na sashenmu ya shigo da murna, ya ci hawa na farko, yana son zaman Mayu. Na zaunar da shi, na ɗauko kalanda, na zana masa watannin rufe lissafi, na nuna masa azumi zai cinye Maris, na ƙirga masa makonnin da suka rage. Na ce: « Ƙanena, bari sai Agusta ko Nuwamba. » Ya ce: « To yaya, zan yi shawara. » Washegari ya biya kuɗin Mayu. Kuma ya ci. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, a Kumasi ya yi jami'a, Ingilishi kuwa kamar a bakinsa aka yanka mata cibiya. Da na ba kawu labarin, sai ya tambaye ni nawa na kashe a zaman da na faɗi, da jirgi da masauki duka. Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsu, ya ce kuɗin sun sayi bijimi biyu.