Sabuwar kwamfuta ta ƙi ganin faifanta: zare

1/ Jama'a, zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Na rubuta shi ne don ɗaliban da ke zaune nesa da masu gyara, irin mu 'yan Rano da Kibiya. A wajenmu, in kwamfuta ta ƙi tashi, sai ka yi lissafin kuɗin mota zuwa Kano ta Bunkure da dawowa, ga yini guda ya tafi, tun kafin a taɓa ta.

2/ Da yawa daga cikin sababbin laftof masu sauƙin kuɗi ba sa zuwa da Windows. FreeDOS ake saka musu, shi ya sa suka fi araha, ba a biya kuɗin lasisi ba. Kana kunnawa sai baƙin allo da ɗan rubutu yana ƙyaftawa. Lafiyarta ƙalau, babbar manhaja ce kawai babu.

3/ Irinta kawuna ya sayo wa 'yarsa a wani shago a Kano. Ta shiga ajin ƙarshe, furojet na jiran ta. Masarar da ya ajiye yana jiran farashi ya ɗaga ya sayar ya biya. To ku auna ran dattijon da aka kunna ta a Kibiya, gaban 'yan gida, ta nuna baƙin allo.

4/ Sun kai ta wani shagon buga takardu a Rano. An soka filashin Windows, kwamfuta ta yi kamar ba ta san da shi ba. Aka ce musu mazabod ne, a mayar. Ina hutu a gida ta kira ni: "Yaya, don Allah ka zo ka duba, Baba ya ce gobe da sassafe zai koma da ita."

5/ Na tarar da Kawu a zaure ya riga ya ɗaure kwalin da igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu." Ya ce, "Kai ma likitan ne?" Na ce a'a, amma dai zan ji abin da mara lafiyar ke faɗa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kwance igiya.

6/ Matsalar farko filashin ne. Tsofaffin kwamfutoci suna tashi da tsarin BIOS na da, suna karanta faifan da aka tsara da MBR. Sababbi UEFI suke amfani da shi, GPT suke nema. Tun 2017 Intel ya sanar zai daina tallafa wa tsohon tsarin zuwa 2020. Filashin shagon an haɗa shi ne don tsofaffin na hannu da suka saba gyarawa, kuma a kansu yana aiki. Ita wannan ba ta ma jin yarensa.

7/ Kar kuma wani ya ce zai kwafe fayilolin kai tsaye cikin filashi ya huta. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma akwai fayil a cikin Windows 11 da ya zarce haka. Rufus nake amfani da shi, kyauta ne. Ka zaɓi GPT, shi zai san yadda zai yi da sauran.

8/ Saukar da Windows ɗin kansa shi ya fi cin rai. Ya haura gigabait 5. Datar dare na saya, na jingine waya a kan taga inda sabis ya fi kamawa, na kwana ina leƙa ta kamar mai tsaron tukunya. Da asuba na ari kwamfutar wani abokina na haɗa filashin.

9/ Madannin zaɓar inda za ta tashi ya danganta da kamfani. HP galibi F9, Dell da Lenovo F12. Tun kana danna madannin kunnawa za ka fara bugawa. Wannan karon filashi ya fito, tambarin Windows ya bayyana, yaran gida har da tafi.

10/ Sai muka iso inda take tambayar a ina za a saka Windows. Jerin fayau, ko faifai ɗaya babu. A nan mutane da yawa ke karaya, don kowa zai ce an sayar masa da kwamfuta ba faifai. Kawu da ke tsaye a bayana ya ce, "To, ka gani ko?"

11/ Ban yi masa musu da baki ba. Na kashe ta, na shiga BIOS, na nuna masa sunan SSD ɗin da girmansa a rubuce. Sannan na tashe ta da filashin Ubuntu da nake yawo da shi, wanda ke aiki ba sai an girka shi ba. Ya ga faifan nan take. Ke nan faifai na nan da ransa, manhajar girka Windows ce ba ta gan shi ba.

12/ Ga dalilin, kuma shi ne zuciyar zaren nan. Daga ƙarni na 11 na furosesan Intel, waɗanda suka fara fitowa a 2020, laftof da yawa suna zuwa da wani tsari a kunne mai suna VMD. Yana tsayawa tsakanin faifai da sauran na'urar kamar dillali a kasuwar hatsi: ba ka isa ga mai kaya sai ta hannunsa. Manhajar girkawa kuma sau da yawa ba ta zo da direban da zai yi magana da dillalin ba. Linux yana da nasa a ciki, shi ya sa Ubuntu bai sha wahala ba.

13/ Mafita biyu ce. Wasu kwamfutocin suna barin ka kashe VMD a BIOS. Tamu ba ta da wannan zaɓin. Sai na nemo direban Intel RST a shafin kamfanin da ya ƙera ta, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Na warware fayil ɗin a kwamfutar abokina, na zuba a filashi, na danna wajen loda direba a wancan allon da ya fito fayau. Ko minti ɗaya ba a yi ba faifai ya bayyana.

14/ Ra'ayina: duk mai sayar da kwamfutar FreeDOS ya kamata ya faɗa wa mai saye wannan tun a shago. Magana ce ta minti biyu. Mutumin da ya sayar da amfanin gonarsa bai cancanci kwana biyu yana zaton an cuce shi ba.

15/ Ana tsakiyar girkawa aka ɗauke wuta, batir bai kai rabi ba. Muka ɗauke ta a buɗe, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, zuwa wajen mai cajin waya da ke da sola. In ta sake tashi ta mayar da ku farkon girkawa, ku zare filashin kawai, daga shi take ta tashi.

16/ Wani zai ce me ya sa ba Windows 10 ba. Microsoft ya daina tallafa masa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sabuwar na'ura ba ta da dalilin komawa can.

17/ Ƙarshen wahala: Windows 11 ya ce sai da intanet, Wi-Fi kuma bai fito ba don shi ma ba direba. Na haɗa wayata da kebul na kunna raba data ta USB, ya wuce. Direbobin duka na tara su a jaka ɗaya cikin filashin na bar mata. Saura lasisi, Kawu ya ce a kawo masa lissafi bayan sallar la'asar.